NBA League Pass ga mai son tuhumar koci a kan mintuna biyun ƙarshe

Duk mai bin gasar ƙwallon kwando ta NBA ya san yadda gari ke wayewa bayan wasan da aka yi kan-kan-kan har ƙarar tashi. Bidiyon daƙiƙa ashirin ya karaɗe wayoyi, an ga ƙwallo ta faɗa kwando ko ta ɓaro, kafin azahar an gama yanke wa koci hukunci. Wannan sharhi a kan NBA League Pass ne, wato tsarin kallon wasanni ta intanet da hukumar gasar ke sayarwa, kuma da mudu ɗaya muka auna shi: yana ba mai kallo hujjar da zai kama koci da laifi, ko ya wanke shi? Yana bayarwa, kuma ya ci kuɗinsa, amma ga wanda zai zauna ya kalli cikakken wasa kaɗai. Wanda zai tsaya ga guntayen bidiyon da ke ciki, gara ya riƙe kuɗinsa a aljihu.

Abin da kuɗinka ke saya

A cikin manhajar NBA ko a shafinta, mai rajista yana samun wasa kai tsaye, da cikakken wasa bayan an tashi, da taƙaitaccen wasa na kimanin minti goma zuwa sha biyar, da wani nau'i da ke jera hare-haren ƙungiyoyin biyu a jere ya zubar da duk lokacin da agogo ke tsaye. A wasannin tsakiyar kaka ana iya zaɓar masu sharhin gida ko na baƙi. Akwai kuma taskar tsofaffin wasanni, har da wasannin ƙarshe na shekarun baya. Tsari biyu ne: ƙarami mai talla, da babba mai suna Premium, wanda ba talla, ana kallo a na'ura uku lokaci guda, ana kuma sauke wasa a waya a kalla ba intanet. A Amurka, a kakar 2024-25, ƙaramin dala 109.99 ne a kaka, babban dala 159.99. Kowace ƙasa da nata farashin, manhajar za ta nuna maka naka kafin ka biya. Rajistar tana sabunta kanta, don haka wanda wata ɗaya yake so ya kashe sabuntawar tun ranar da ya biya. Mazauna Amurka su sani cewa wasannin da manyan tashoshin ƙasar ke nunawa, har da na fitar da gwani, ba sa zuwa kai tsaye a nan, sai daga baya. Ko ina kake, duba jerin wasannin da aka toshe a ƙasarka tukuna.

Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar, lokaci ne babban cikas. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa shida ne daga farkon Nuwamba zuwa Maris, awa biyar a sauran watanni. Wasan da aka fara ƙarfe 7:30 na yamma a New York ko Boston, ƙarfe 1:30 na dare ne a Kano a watan Janairu. Na Los Angeles da Denver kuwa sukan kai ka asuba. Saboda haka yawancin kallonka maimaici zai zama, kuma abu na farko da za ka yi bayan rajista shi ne ka shiga saiti ka kunna ɓoye sakamako, ka kashe sanarwar manhajar. In ka riga ka san wanda ya ci, idonka zai riƙa neman laifin wanda ya sha kashi, alhali kana son ka auna shawarar koci ne a daidai lokacin da ya yanke ta. Ko da an ɓoye sakamakon, tsawon bidiyon yakan tona asiri: in saura minti ɗaya a agogon wasa amma saura minti arba'in a bidiyo, ka san an je ƙarin lokaci.

Data ma lissafi ce. Bidiyon da ke gudu a megabit 3 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 1.35 a awa, na megabit 5 yana cin 2.25, cikakken wasa kuma yakan ɗauki awa biyu da kwata zuwa biyu da rabi. Mai binciken koci ba ya bukatar duka. Daga saura minti shida a zango na huɗu ya isa, wato kusan rabin awa na bidiyo. Sai dai kada a rage ingancin hoto har lambar riga da ƙananan rubutun allon maki su dusashe, domin a nan aikin yake.

Abin da ke hannun koci, da abin da taƙaitaccen wasa ke zubarwa

Koci ba ya jefa ƙwallo. Abin da ke hannunsa a ƙarshen wasa bai wuce huɗu ba: lokacin da zai kira ɗan hutun da yake tara 'yan wasansa a ciki, wanda za mu kira hutun shawara, mutum biyar da zai bari a fili, ko a yi ƙeta da gangan ko kada a yi, da tsarin da ya zana don shigo da ƙwallo daga gefe. Dokokin da ke ɗaure shi kuwa a bayyane suke. Tun kakar 2017-18 kowace ƙungiya hutu bakwai gare ta a wasa, ba za ta yi amfani da fiye da huɗu a zango na huɗu ba, kuma daga saura minti uku biyu kacal take da su, komai yawan abin da ta adana. A mintuna biyun ƙarshe, ƙungiyar da ta kira hutu kafin ta motsa da ƙwallo tana da damar a matso mata da ita ɓangaren abokan hamayya, ta shigo da ita daga gefe a layin da ke da nisan kusan mita 8.5 daga ƙarshen fili, maimakon ta taso tun daga gindin kwandonta a filin da tsawonsa ya haura mita 28. Bayan an ci ƙwallo agogo yana tsayawa a waɗannan mintuna, amma ba a canza ɗan wasa sai an kira hutu ko alƙali ya busa. Ƙalubalantar hukuncin alƙali, wanda aka fara a kakar 2019-20, shi ma sai da hutu a hannu. In saura ƙasa da daƙiƙa 0.3, ba a kama ƙwallo a jefa, sai dai a doke ta cikin kwando.

To duk waɗannan abubuwa a lokacin da agogo ke tsaye suke faruwa, kuma lokacin ne taƙaitaccen wasa ke yankewa. Za ka ga jifa, ka ga wani jifan, ba za ka ga wanda ya tashi daga benci ba, ba za ka ga wanda ya koma ba, ba za ka ga koci ya tsaya hannu a aljihu da hutu biyu ba. Nau'in da ke jera hare-hare ya fi dama, ya dace da mai son ganin salon ƙungiya, amma shi ma yana tsallake canji. Wannan ne babban aibin League Pass ga aikin da muke magana, domin guntayen ne manhajar ke tura maka a gaba, kuma su ne masu saukin data.

Rabin daƙiƙa iri ɗaya, koci biyu

Ranar 3 ga Satumba 2020, wasa na uku a jerin wasannin fitar da gwani tsakanin Boston Celtics da Toronto Raptors. Kemba Walker ya ba Daniel Theis ya dunƙula ƙwallo, Boston ta wuce 103-101, saura daƙiƙa 0.5. Kocin Toronto, Nick Nurse, ya kira hutu, aka matso da ƙwallo. Kocin Boston, Brad Stevens, ya yi abu biyu: ya sako Tacko Fall, ɗan Senegal mai tsawon da ya haura mita 2.2, ya tsaya gaban mai shigo da ƙwallo, sannan ya sa sauran huɗun tsaron yanki maimakon kowa ya bi mutuminsa. Kyle Lowry na Toronto, mai shigo da ƙwallon, ya ɗan ja baya, ya cilla ƙwallo ta saman Fall ta ratsa faɗin fili zuwa ɗaya kusurwar, OG Anunoby ya kama ya saki, Jaylen Brown na Boston ya iso a makare. 104-103.

A cikakken wasan, in ka mayar baya ka ɗauke ido daga Lowry ka bi Anunoby, za ka ga ya bi layin ƙarshe a natse ya fice daga yankin Jayson Tatum, a daidai lokacin da Marc Gasol ya ja hankalin Brown a tsakiya. Mutum ya faɗa tsakanin yanki biyu. Hukuncinmu: sako Fall daidai ne, domin ya tilasta doguwar ƙwallo mai lilo a sama. Tsaron yanki ne abin tambaya. Maki biyu ke tsakani, jifa mai maki uku ne kaɗai zai kayar da Boston nan take, tsaron yanki kuma ya fi kare gindin kwando, yana dogara da 'yan wasa su miƙa wa juna mutum da baki cikin ƙiftawar ido. Stevens ya kare kunnen doki, ya bar ƙofar shan kashi a buɗe da ɗan kaɗan. Laifi ne, amma ƙarami, kuma Boston ce ta ci jerin wasannin a na bakwai.

Yanzu ka ɗora wannan kusa da 26 ga Afrilu 2023, wasa na biyar, Miami Heat a gidan Milwaukee Bucks. Milwaukee ta gama kakar da nasara 58, ta fi kowa, ta shiga zango na huɗu da ratar maki 16. Saura daƙiƙa 2.1 tana gaba 118-116. Kocin Miami, Erik Spoelstra, ya kira hutu, ya cire Bam Adebayo, kocin Milwaukee, Mike Budenholzer, ya cire Brook Lopez, wanda shi ne mai tsare masa gindin kwando. Gabe Vincent ya ɗaga ƙwallo sama, Jimmy Butler na Miami ya karɓa a kan Pat Connaughton yana faɗuwa ya ci. 118-118, saura 0.5. Milwaukee tana da hutu. Ba a kira ba. Aka shigo da ƙwallo daga gindin kwando, lokaci ya ƙare. A ƙarin lokaci, maki biyu a baya, harin ƙarshe ya hargitse, nan ma akwai hutu a hannu ba a kira ba, ƙwallo ta ƙare a hannun Grayson Allen ƙarar tashi ta kaɗa bai ko jefa ba. Miami ta ci 128-126, ta fitar da su 4-1. Ranar 4 ga Mayu aka sallami Budenholzer, shekara biyu bayan ya ci musu kofi.

A nan ba sai an yi dogon nazari ba. Cire Lopez ana iya gardama a kai, tun da Miami ta cika fili da masu jifan nesa. Rashin kiran hutu a harin ƙarshe ma yana da masu kare shi, domin hutu yana ba abokin hamayya damar sako masu tsaro ya shirya, kociyoyi da yawa sun fi son a afka kafin tsaro ya daidaita. Amma ko mai wannan ra'ayi ya yarda cewa in hari ya cije, saura daƙiƙa biyar ko shida, ana kira. Rabin daƙiƙar nan kuwa ba ta da kariya ko kaɗan: hutun ba ya bin ka zuwa ƙarin lokaci, inda ake ba kowa biyu sababbi, kuma Toronto ta riga ta nuna abin da 0.5 ke iya haifarwa, balle ga ƙungiya mai Giannis Antetokounmpo da Lopez da za a ɗaga wa ƙwallo bakin kwando. Budenholzer da kansa ya amsa bayan wasan cewa ya kamata a kira. A taƙaitaccen wasa, wannan kuskure ba ya ma bayyana. A cikakke, alamar hutun da ya rage tana nan a allon maki, a yawancin tashoshi ƙananan ɗigo ne ko gajerun layuka kusa da sunan ƙungiya.

A yi ƙeta ko a tsare, in ana gaba da maki uku

A nan ne gardama ta fi zafi, a nan kuma cikakken wasa ya fi amfani. Lissafin haka yake. A 'yan shekarun nan jifa mai maki uku yana shiga kusan sau 36 cikin 100 a gasar, jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa ƙeta kusan sau 78. In ka bar abokin hamayya ya jefa ukun, ko da an ɗauka sau ɗaya cikin uku zai shiga, kunnen doki kawai ya yi, ƙarin lokaci kuma rabi da rabi ne. In ka yi masa ƙeta kafin ya ɗaga hannu, saura daƙiƙa huɗu ko biyar, jifa biyu kawai ya samu: sai ya ci na farko, ya ɓarar da na biyu da gangan amma ya taɓa ƙarfen kwando, abokinsa ya cafke, sannan a ci. Abu huɗu a jere, da wuya su haɗu. Haɗarin biyu ne. In ƙetar ta zo yana cikin ɗaga hannu, jifa uku za a ba shi. In ta zo da wuri, wasan ya ƙara tsawo, za su ci biyun su rama ƙetar, kai ma a kai ka layin jifa, kuma mai ci 78 cikin 100 yana cin biyu a jere sau 61 ne kawai cikin 100.

Ranar 5 ga Mayu 2025, Oklahoma City Thunder ta faɗa rami na biyun a gida, wasa na farko da Denver Nuggets. Shai Gilgeous-Alexander na Thunder ya dunƙula, 119-116, saura kusan daƙiƙa 11. Denver ba ta da hutu ko ɗaya, Nikola Jokić, wanda ya ci maki 42 a daren, yana benci, ba hanyar dawo da shi sai an busa. Denver sai ta ratsa dukan fili ba tare da gwaninta ba. Sai Thunder ta yi wa Aaron Gordon ƙeta nan take, ko daƙiƙa ɗaya ba ta ci daga agogo ba. Busar ta buɗe wa Jokić ƙofa, Gordon ya ci biyun, aka yi wa Chet Holmgren na Thunder ƙeta saura 9.5 ya ɓarar da biyun, Russell Westbrook ya ruga ya ba Gordon ya ci uku saura 2.8. 121-119. Dabarar kocin Thunder, Mark Daigneault, sananniya ce, ƙungiyarsa ta saba da ita, kuma ita ta ɗauki kofi a wannan shekarar. Amma lokacin ya ɓaci, kuma alhakin koci ne ya faɗa wa 'yan wasansa a wane wuri a fili da kuma a wace daƙiƙa za a yi ƙetar: a bari su ci daƙiƙa huɗu ko biyar suna tasowa, su tsallaka tsakiya, sannan. Wanda ya kalli guntun bidiyo Holmgren kaɗai zai gani.

Sai wanda aka fi shekara goma ana ja-in-ja a kansa: wasa na shida na wasannin ƙarshe, 18 ga Yuni 2013 a Miami. San Antonio Spurs tana gaba 94-89 saura daƙiƙa 28.2, kofi na hannunta. Kocinta, Gregg Popovich, ya cire Tim Duncan, wanda ya gama daren da maki 30 da cafke ƙwallon da ta ɓaro sau 17, ya sako Boris Diaw. LeBron James na Miami ya ɓarar da uku, Miami ta sake samun ƙwallo, ya ci na biyun. Kawhi Leonard na Spurs ya ci ɗaya cikin jifan kyauta biyu, 95-92, saura 19.4. Duncan ya sake komawa benci. James ya sake ɓararwa, Chris Bosh ya cafke, ya miƙa wa Ray Allen yana ja da baya zuwa kusurwa, ya ci saura 5.2. Miami ta ci 103-100 a ƙarin lokaci, ta ci na bakwai 95-88.

Tuhuma biyu ake yi wa Popovich. Ta rashin ƙeta ba ta tsaya da ƙafarta ba: saura 19.4 ya yi wuri ƙwarai, Spurs ta ɓarar da jifan kyauta biyu cikin huɗun ƙarshe, James kuma ya ɗaga hannu da sauri. Ta cire Duncan ta fi nauyi, kuma dole a raba hari biyun. A na farko Bosh ba ya fili, Miami ta zuba masu jifan nesa, Duncan mai shekara 37 da sai ya bi mutum har bayan layin maki uku. Cire shi yana da ma'ana, al'adar Popovich ce kuma a irin wannan hali. A na biyu Bosh yana fili, Duncan yana da wanda zai tsare. Amma ka mayar da bidiyon ka bi Diaw: da Bosh ya yi wa James shinge, Diaw da Tony Parker duka biyun suka bi James, Bosh ya gangara gindin kwando ba kowa, sai Manu Ginóbili da ya fi shi gajarta nesa. Ko Duncan ne a wurin Diaw, in ya fita tare jifan, nesa da kwando zai kasance. Muna ganin barin Duncan a hari na biyu ya fi, amma tazarar ba ta kai yadda ake faɗi ba, kuma ba wanda zai iya ganin haka sai ya kalli harin sau uku ko huɗu, kowane karo idonsa a kan mutum dabam.

Inda manhajar ke gazawa ko a cikakken wasa

Hoton na tashar talabijin ne, an shirya shi don nishaɗi. Kyamarar gefe tana nuna mutum goman in an tsaya a rabin fili, wannan ya wadatar. Matsalar tana zuwa daidai lokacin da ake bukata: bayan hutu, mai haɗa hoto yakan tsaya a fuskar gwani ko maimaicin ƙwallon baya, ya dawo fili ana dab da shigo da ƙwallo, ka rasa yadda aka jeru da wanda ya canza mutum. A nan zaɓin masu sharhi yana da amfani na biyu, domin tashar gida da ta baƙi ba sa yanka hoto iri ɗaya; abin da ɗaya ta rasa, ɗayar takan kama. Ka tuna kawai cewa masu sharhin gida na ƙungiyar ne, da wuya su kama kocinsu da laifi ƙarara. Nau'in hoton da aka matso da shi don ƙaramin allon waya yana bin ƙwallo ya yanke gefen fili, ka kauce masa gaba ɗaya in koci kake bincike.

Na biyu, ba ka jin abin da aka faɗa a hutun shawara. Premium yana maye gurbin talla da hoton cikin zauren wasa, amma yawanci abin da ke kan babban allon zauren ne, raye-raye da wasannin 'yan kallo. Saboda haka ba za ka taɓa tabbatar da abin da koci ya zana ba, sai dai ka karanto shi daga ƙafafun 'yan wasa. Ga alamar da ba ta cika ƙarya ba: in mutum huɗu sun tashi tare kowa ya nufi wurinsa, ɗaya ya tsaya yana waige, ɗan wasan ne ya manta, in duk biyar sun yi abin da aka tsara amma tsaro ya riga su isa, an karance kocin ne. Ka kuma duba ko tsarin yana da mafita ta biyu. Mai shigo da ƙwallo daƙiƙa biyar gare shi, tsarin da ya dogara ga mutum ɗaya ba madadi laifin mai zana shi ne.

Na uku, neman daidai wurin a waya wahala ne. Bidiyon awa biyu da rabi daƙiƙa 9,000 ne. A kan layin da bai wuce santimita 12 ba, motsin yatsa na milimita ɗaya ya tsallake daƙiƙa 75. Maɓallin komawa baya ma da daƙiƙoƙi da yawa yake tsalle, alhali harin da kake bi bai kai daƙiƙa uku ba. A kwamfuta abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ke cike waɗannan giɓi kyauta ne. A shafin NBA kowane wasa yana da jerin abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, har da kowane canji da kowane hutu. Ka buɗe shi a gefe. Ka tsayar da bidiyo a saura minti uku, ka rubuta abu biyar a takarda: maki, hutun kowace ƙungiya, ƙetar da kowace ta tara a zangon, mutum goman da ke fili, da mai ƙeta biyar a wuyansa, tun da ta shida ke fitar da ɗan wasa. Ƙetar ƙungiya tana da muhimmanci: daga ta biyar a zango, ko ta biyu a mintuna biyun ƙarshe, ake fara ba da jifan kyauta, don haka ƙungiyar da ba ta kai ba tana da ƙeta ɗaya ta banza da za ta katse hari da ita, kocin da bai yi amfani da ita ba akwai tambaya a kansa. Daga nan, duk inda agogo ya tsaya, ka tsayar, ka rubuta abin da kai za ka yi kafin ka ga nasa. Ka lura da harin da ke farawa saura daƙiƙa 35 zuwa 40: in an jefa kafin saura 30, abokin hamayya ba zai riƙe fiye da daƙiƙa 24 da doka ta ba kowane hari ba, ƙwallon ƙarshe taka ce. Washegari kuma hukumar tana fitar da rahoton mintuna biyun ƙarshe, wanda ta fara a Maris 2015, ga wasannin da ratarsu ta kai maki uku ko ƙasa: CC busa daidai, IC busa kuskure, CNC rashin busa daidai, INC rashin busa kuskure. Da shi za ka cire laifin alƙali daga wuyan koci.

Gargaɗi ga masu horar da ƙungiyoyi a gida da masu bin gasar BAL ta Afirka: can dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ake bi. Zango minti goma ne, hutu biyar ne, biyu kacal a mintuna biyun ƙarshe, koci ne kaɗai ke nema ta teburin alƙalai, kuma ba a ba da shi ana cikin wasa. Abin da aka zargi Budenholzer da shi a ƙarin lokaci, kiran hutu hari na gudana, ba ya yiwuwa a can. Tsarin shigo da ƙwallo da lissafin ƙeta kuwa suna ɗaukuwa.

Ga koci, ko mai sharhi, ko mai kallon da ke son gardamarsa ta tsaya da hujja, ƙaramin tsari ya isa, domin rashin talla ba ya ƙara komai a maimaicin da kake tsallakawa da hannunka. Premium ya dace da wanda intanet ɗinsa ke yankewa yana son sauke wasa inda ya samu waya-fai, ko gidan da mutum uku za su kalla a na'ura dabam-dabam. In kuɗi sun yi kaɗan, a bar rajistar shekara, a biya ta wata daga tsakiyar Afrilu zuwa Yuni, lokacin wasannin fitar da gwani, inda ƙungiya biyu ke haɗuwa har sau bakwai, ka ga ko kocin da ya yi kuskure ranar Litinin ya gyara ranar Laraba.